Sodangi da Kwalin Littattafan Kano

"Duk bakin kogin nan, daga Rusairis har Makwar, babu mai karanta boko irina. Ni littafi ko a rufe yake, in na ɗaga na ji nauyinsa, na san abin da ke cikinsa."

Haka Sodangi ya faɗa a tsakiyar nadin ƙauyenmu, inda maza ke taruwa da la'asar, ya ɗora ƙafa ɗaya kan kwali yana gyara rawani. Abokina, in ba ka san Sodangi ba, ka huta. Gajere ne mai tumbi, rawaninsa ya ninka kansa sau uku. Ya taɓa yin gadin ƙofa na wata takwas a wani kamfani lokacin da ake ƙara wa dam ɗin Rusairis tsawo, kuma tun daga nan ya hana kunnuwanmu sakat. In ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse da ƙirjinsa ya tare kogin. Muna kiransa Injiniyan Ƙofa, yana kuma amsawa da fara'a, don rabin farko na sunan kawai kunnensa ke ɗauka.

Kwalin nan kuwa, wani ɗan'uwan Hajj Bilyamin ne, shugaban lajnar nadi, wato kwamitinmu, ya aiko daga Kano. Littattafan Hausa ne cakuɗe: na kiwo, na soyayya, na lafiya, na gini, har da waɗanda ba a san inda suka dosa ba. Ya ce don kada jikoki su manta harshen kakanni. To, mu nan Hausa a baki take, karatu kuwa da Larabci muka yi, a halwa, makarantar allonmu, da madarasa. Samarin da suka ɗan taɓa haruffan Turanci sun tafi haƙar zinariya. Sista Hindu unguwarzoma, wadda ta iya, ta tafi kwas garin Madani. Sai lajna ta ce za a zuba littattafan a ƙaramin ɗakin nadi, a ba wanda ya nuna ya iya mabuɗi, a riƙa kiransa aminin maktaba, wato mai kula da ɗakin karatu. Aka sa Juma'a ta uku ranar yanke magana.

Mabuɗin nan shi ne ya tsone wa Sodangi ido. Tun ranar da kamfani ya karɓe nasa, bai sake riƙe mabuɗin komai ba, ko na akwatin matarsa Mairo. Ya ce in bai samu wannan ba, gara ya bar garin. Na kuma san da gaske yake, don na ga idonsa ya kaɗa.

Sai ya buɗe majalisar sharhi a gindin dalbejiyar nadi. Kullum bayan la'asar ya zaro littafi ɗaya, ya faɗa mana abin da ke ciki, ya faɗi wanda ya dace ya karanta, sannan ya yanka masa daraja da finjalin gahawa: mai kyau finjali biyar, marar kyau ɗaya. Duk littafin da ba shi da hoto ya ture shi gefe, ya ce marubucin malalaci ne, ba ya ɓata lokacinsa a kai.

Kai da ka tashi cikin boko, yi dariyarka tun yanzu, mu sai daga baya muka gane. Ashe littafin boko ta ɗaya gefen ake buɗe shi. Inda namu na Larabci yake farawa, nan nasu yake ƙarewa. Sodangi kuwa ko harafi ɗaya bai iya haɗawa ba, hotuna kawai yake bi, kuma ya buɗe yadda hannunsa ya saba tun halwa. Wato duk littafin da ya ɗauka, daga ƙarshe yake kamo shi yana tafiya baya.

Na kaji ya fara yi mana. Hoton farko wata kaza ce ƙosasshiya. Ya buɗa, ta rage. Ya sake buɗawa, ta koma 'yar tsako. Shafin ƙarshe ƙwai. Sodangi ya girgiza kai, ya ce wata muguwar cuta ce ta ɓulla a Kano, mai tsotse kaza har sai ta koma cikin ƙwai, kuma marubucin ya kyauta da ya gargaɗi jama'a. Finjali huɗu. Ranar nan mata sun yi ta ɗaga kajinsu suna jin nauyi, wata ma ta yanka tata tun kafin cutar ta iso.

Na soyayya kuwa har hawaye ya yi. Ya ce labarin ya fara da biki, ango da amarya suna murmushi. Daga nan iyaye suka zauna, aka kwashe akwatuna aka mayar gidan ango. Yaron ya riƙa zuwa ƙofar gida yana roƙo, ya karɓe wasiƙunsa ɗaya bayan ɗaya, ƙarshe suka haɗu a kasuwa suka wuce juna kamar ba su taɓa sanin juna ba. Ya ce kada a bar sabbin ma'aurata su taɓa shi, sai dai wanda ya gaji da duniya. Na gini ya ba shi finjali ɗaya, ya ce wane irin marar imani ne zai rubuta littafi guda kan yadda ake kwance gida mai kyau har a bar fili da igiyar awo.

Ni ne na kusa tona shi, ban sani ba. Ina tuƙa hafila, motar fasinja, tsakanin Suki da Makwar, lambobin Turawa kam na san su. Na leƙa na ce, "Ya Injiniya, mi ya sa lambar shafi take raguwa? Ka fara da tamanin, ga ka a sittin."

Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce ai mutanen Kano masu tausayi ne, gaya maka suke yi shafi nawa ya rage don kada ka karaya. Wallahi sai na ji kunya ta kama ni, har na ba shi haƙuri. Har yau in na tuna haƙurin nan raina ɓaci yake yi.

Da a sharhi ya tsaya, da ya sha. Sai ya shiga rubuta wa mutane littafi kamar likita. Akwai Maliki, wani dogo siriri mai hawasha, wato gonar auduga, a bakin tur'a, hanyar ruwan ban-ruwa, wanda za a ɗaura wa aure bayan tsinkar auduga. Uwar yarinyar ta ce a gaban mutane yaron kirki ne, amma kamar ba ya samun abinci. Maganar nan ta tsaya masa a wuya. Ya zo ya durƙusa gaban Sodangi ya ce ko akwai littafin ƙiba.

Akwai mana! Sodangi ya zaro wani na lafiya. Hoton farko wani siriri ne yana dariya, ya ja ƙugun wani ƙaton wando gaba. Sodangi ya ce ka gani, tun kafin ƙibar ta zo ya ɗinka mata wando, wannan shi ne yaƙini. Gaba ga shi yana gudu. Gaba yana cin ganye. Gaba yana ture farantin nama. Shafin ƙarshe kuwa ga shi ya zama ƙato, kujera ma ta yi masa kaɗan. Finjali biyar, har da ƙarin rabi.

Maliki bai yi wata-wata ba. Ya ɗinka wandon da mutum uku za su shiga, ya bar nama, ya koma cin ganyen jarjir, kullum da safe yana gudu a bakin tur'a jakuna suna ba shi hanya. Mako guda, ƙasusuwan wuyansa suka fito. Ya kawo ƙara, Sodangi ya ce jiki baya yake ja don ya yi tsalle, ya ƙara gudu. Mako biyu da rabi, Maliki ya koma kamar karan auduga bayan girbi.

Ranar Juma'a bayan la'asar nadi ya cika. Dattawan lajna biyar suka jeru kan kujeru, ƙaraminsu ya ba saba'in baya. Mairo ta kafa murhu a bakin ƙofa tana zuba musu gahawa, don Sodangi ya ce gahawa na tausasa zuciyar lajna. Hajj Bilyamin ya fito da mabuɗi ya riƙe a hannu. Sodangi ya miƙe, ya fara jawabi kan yadda Turawan kamfani suke kawo masa takardu ya duba musu.

Sai ga Maliki, ya riƙe ƙugun wando da hannu biyu. Muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce surukarsa ta gan shi jiya ta fashe da kuka, ta ce a ɗaga bikin sai an kai shi asibiti. Ya ce shi yanzu ba ƙiba yake nema ba, a mayar masa da ramarsa ta da, ta ishe shi.

Jama'a suka fara gunaguni. Na ga hannun Hajj Bilyamin yana komawa aljihu a hankali da mabuɗin. Sodangi ma ya gani, zufa ta keto masa ta ƙarƙashin rawani. Sai ya cusa hannu cikin jallabiya ya zaro wani littafi da ba mu taɓa gani ba.

"Ya jama'a, wanga na ɓoye shi ne don ba na kowa ba ne. Amma tunda lajna na shakka, ga shi. Littafin komawa yaro."

Ya buɗe: tsoho tukuf da sanda, gemu fari fat. Ya buɗa: gemun ya yi baƙi, mutumin na kan keke. Ya sake: ga shi saurayi da gajeren wando yana buga ƙwallo. Gaba kuma ɗan yaro da jakar makaranta. Sodangi ya ce shi kwanansa goma yana bin littafin shafi-shafi, ya riga ya wuce keke, yanzu yana kan ƙwallo. Don kada a yi musu, ya ɗage jallabiya har gwiwa, sai ga jan gajeren wando da wasu ƙafafu kamar muciya.

Abokina, ka ga dattawa! Wanda sai an ɗaga shi yake tashi, ranar da kansa ya miƙe. Suka yanyame littafin, kowa na cewa shi zai fara ara. Wani ya tambaya ko haƙora ma suna dawowa, Sodangi ya ce har da na ƙari. Aka manta da Maliki a tsaye da wandonsa. Hajj Bilyamin ya sake fito da mabuɗi, ya miƙa, Sodangi ya buɗe tafin hannu.

Daidai nan Sista Hindu ta shigo, saukarta ke nan daga motar Madani, kuma ita ce wakiliyar mata a lajna. Ta gaida dattawa, ta leƙa littafin, ta ce, "Baffa Sodangi, mi ya sa ka kama shi ta baya?" Ta karɓa ta juya shi, ta buɗe ta ɗaya gefen, ta karanta mana da Hausa tiryan-tiryan. Tarihin wani malamin makaranta ne, daga ranar sunansa har tsufansa. Ta ɗauki na kaji, ƙwai ya zama kaza. Na soyayya ya ƙare da biki. Da ta juya na Maliki, ta ce ai na rage ƙiba ne, sai Maliki ya saki wandon don ya shaƙo Sodangi, wandon ya sauka, dole ya fasa.

Sodangi ya ce ai dama gwada lajna yake yi ya ga ko a farke take. Hannunsa na nan a buɗe, mabuɗin ya bi ta samansa ya faɗa tafin Sista Hindu. Dattawa suka koma kujerunsu suna nishi, kowa ya tuna da ciwon gwiwarsa.

Mairo ce ta taso daga bakin murhu, ta cika finjali ta kai wa Sista da hannu biyu, ta ce a gaban kowa:

"Allah ya yi miki albarka da kika dawo yau. Ni tun shekaranjiya na leƙa hoton da mijin nan nawa zai ƙare a kai, har na wanke zanen goyo na shanya."