Ƙwai Ga Angon Yaye

Damina ta yi tsaka, zabi na ta zuba ƙwai a Wanke. Sabiru, ɗalibin aikin lafiya a Tsafe, ya jingine kekensa a zauren kakarsa, Inna Uwani. Bai ƙare sallama ba idonsa ya riga ya ƙirga ƙwan da ke ƙwaryarta na kaiwa kasuwa, ya koma yana ƙirga haƙarƙarin Buba, ɗan kawunsa da aka kawo mata yaye. Yaron na zaune shiru da ƙoƙon kunu, gashinsa ya yi ja.

"Lafiya lau, amarya. Ya tsufa?"

"Tsufa na gidanku. Wa ya sako mini kai, angon da ko goro bai iya riƙowa?"

"Ke da haƙori uku, da mi za ki tauna shi?"

"Huɗu ne, makaho. Kuma na sallame ka, ga sabon mijina nan."

Sabiru ya dubi Buba. "Wanga? Mijin da iska ke kayarwa? Mi kike ba shi?"

"Kunu da safe, tuwo da dare. Bai taɓa kwana da yunwa ba."

"Cika ciki daban, gina jiki daban. Abinci kashi uku ne, Inna. Gero da dawa ƙarfi suke ba mutum. Zogale da rama su tsare shi daga cuta. Wake, gyaɗa, nono da ƙwai kuwa su ne magina, su ake kira furotin."

"Sa'ad da kakanka ke noman gona uku shi kaɗai, ina furotin ɗin naku yake?"

"Cikin akushinsa. Ke kika dafa masa waken."

"Wake dai an ji. Amma ƙwai, a'a. Yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake tashi. Yau akurki, gobe rumbu."

"Ni tun ina rarrafe ake ba ni ƙwai a Gusau."

"Awo! Shi ya sa ka shigo kana lissafa mini ƙwarya da ido. Na gan ka."

Dariya ta kuɓuce wa Sabiru, amma idonsa bai bar yaron ba.

"Kishi ke cin ka," in ji Inna. "Mijina lafiyarsa lau. Ba zazzaɓi, ba tari, ko kuka bai yi."

"Rashin kukan ne ya dame ni. Lafiya ba rashin ciwo kaɗai ba ce. Yaro mai lafiya ɓarna yake, ya kori kaji, ya fasa miki tukunya."

"To dubi ƙafarsa, ƙiba ce tuɓus. Kai mai karatun, ƙafarka kamar karan dawa."

Sabiru ya durƙusa, ya danna bayan ƙafar Buba da babban yatsa, ya ɗan jira, ya ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna, bai cike ba.

"Ba ƙiba ba ce, Inna, ruwa ne. Ita ce tamowa, jiki ya rasa magina. Gobe da safe sai asibitin Gusau."

Inna Uwani ta matso kusa. Ta jawo ɗaya ƙafar ta danna da kanta, ta daɗe tana kallon ramin. Can ta miƙe, ta iza wuta, ta zaɓi ƙwai biyu manya ta jefa a tukunya.

"Ɗaya na mijina. Ɗaya naka, tunda kai ka riga ka lalace."

"Na gode, amarya."

"Kar ka gode. In ya tashi ɓarawo, da ɗakinka zai fara."

"Keke kaɗai zai tarar."

"Ya isa," in ji ta, tana dariya da haƙoranta huɗu. "Ya dai yi ƙarfin tuƙa shi."