Shafin Rigar Babana

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka miƙa mini lasifika a filin kasuwar garinmu ba. Shekaru sun ja, da yawa daga cikin waɗanda suka yi mini dariya a ranar sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau idan abin ya faɗo mini sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in waiga in ga ko akwai mai kallona.

Lokacin ina matashin tela, ban daɗe da yin aure ba. Shagona wani ɗan ɗakin ƙasa ne a bakin hanyar Minjibir, da darbejiya a ƙofa da dogon benci a ƙarƙashinta. Zamanin siyasar farar hula ne, shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu (mu da muke ɗinka aljihunan mun riga kowa sanin babu komai a cikinsu). Damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, gyaɗa kuwa ba a ma maganarta. Sabulu da madara suka koma abin ba da labari. Mutumin da rumbunsa bai cika ba ba ya tunawa da tela, don haka aikina ya koma faci: gwiwar wando, wuyan riga, ko a kawo tsohon zane a ce in fitar da rigunan yara.

Amma fa bencin nan bai taɓa zama babu kowa ba, kuma shi nake kewa har gobe. Da an yi la'asar mutane za su dawo daga gona, ƙafa duk ƙasa, a rataye rediyo a jikin ƙusa, a shiga gyara ƙasar nan tun daga Ikko har bakin iyaka. Wanda bai karya kumallo ba shi zai fi kowa sanin inda kuɗin man fetur suka shiga. Ni kuwa da nake taka keke ina jin su, bakina ya fi ƙafata sauri. Ni ne ministan kuɗi, ni ne na noma, in aka matsa ni ne shugaban ƙasa. A lokacin garinmu kashi biyu ne: mu 'yan jam'iyyar talakawa, da su 'yan jam'iyyar da ke riƙe da gwamnati a Ikko. Jam'iyya kuma a wurinmu gado ce kamar gona. Mutum zai wuce mahaucin unguwarsu ya tafi wani gari sayen nama, don kawai ba ɗan jam'iyyarsu ba ne.

A ƙarshen bencin akwai wurin da ba mai zama sai Baba Ilu. Shi ya koya mini ɗinki, shi ya ba ni keken da nake takawa ranar da ya yaye ni. An taɓa ɗaure shi saboda siyasa tun yana saurayi, kuma bai taɓa ba da labarin da bakinsa ba, sai dai a ji a wurin wasu. Mutum ne mai tsadar yabo. Duk shekarun da na yi a gabansa, in ɗinki ya yi kyau sai ya ajiye shi gefe ya yi shiru, in bai yi ba ya miƙo mini reza in farke. Babu abin da nake so a duniya kamar in ji dattijon nan ya yabe ni.

Ana nan sai labari ya zo cewa 'yan ɗaya jam'iyyar sun sauke bandir-bandir na yadi mai hoton ɗan takararsu na majalisar tarayya, wani Alhaji mai tabarau da wushirya, za a ɗinka wa samarinsu anko. Ina jin haka na miƙe tsaye da almakashi a hannu, na bugi ƙirji na ce, "Allurata ba za ta taɓa shiga yadin nan ba, ko da ƙasa zan ci!" Benci ya ɗauki sowa. Baba Ilu ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Madalla, ɗan nan." Ranar ko abinci ban nema ba (da ma babu).

Ba a yi nisa ba sai ga Ɗanlami, abokina tun muna yara, wanda ya zama ɗan aiken ɗaya jam'iyyar. Bai biyo ta shago ba, ta bayan gida ya zagayo, da wani buhun taki a ka. Ya sauke a zaure ya kwance bakinsa, sai ga Alhaji mai tabarau yana yi mini murmushi.

"Ka ji ni da kyau," in ji Ɗanlami. "Babu wanda zai sani. Zan ce a birni aka ɗinko."

Na ce masa ya ɗauki kayansa ya fita. Na faɗa da ƙarfi don a ji a cikin gida, aka kuwa ji. Mai ɗakina Hajara, da tsohon cikinta, ta matso bakin zaure ta tsaya daga ciki ta ce, "Malam, ƙirjin da ka buga a shago ba zai shiga tukunya ba. Ka leƙa rumbu tukuna, sannan ka kore shi."

Ban leƙa ba, don na san abin da zan gani. Washegari na cire kan keke na shiga da shi gida, na ce wa 'yan benci ya lalace zan kwance shi. Da safe in zauna a ɗakin Hajara in ɗinka rigunan abokan hamayya, da yamma in fito ƙarƙashin darbejiya in zage su tas. Da samarin suka fara yawo da rigunan a gari, wani a benci ya ce, "Ku dubi ɗinkin 'yan birni, ko wuya ba su iya fitarwa ba." Wallahi saura kaɗan in shaƙe shi. Wuyan nan na ɓata lokaci a kansa, amma haka na haɗiye na ce ai kuwa dai, ɗinkin banza ne.

A al'adarmu ta teloli, ƙyallen da ya ragu bayan an yanka kaya na tela ne, kuma tela ba ya zubar da ƙyalle. Na ƙulle nawa na tura ƙarƙashin gado, hatsi ya shigo gida, na ɗauka magana ta ƙare.

Sai Malam Audu, shugaban jam'iyyarmu na gari, ya zo ya ce za a yi babbar lacca ranar kasuwa, ɗan takararmu zai zo da kansa daga Kano, kuma an yanke shawara ni zan yi magana a madadin masu sana'a. "Kai ne telan da ya ƙi aikinsu alhali yana cikin babu," in ji shi. "Irinku muke so jama'a su gani." Wani mai hankali da sai ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Ni kuwa kaina ya kumbura, na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Baba Ilu ya ƙara da cewa wanda zai tsaya gaban jama'a ba ya hawa da 'yar shara, lallai in sa babbar riga.

Babbar riga ɗaya ce a gidanmu, ta marigayi babana, fara mai aikin hannu. Na ciro ta daga akwati na tarar jikinta lafiya lau, sai dai shafin ya mutu, wato ƙyallen nan mai launi da ake bi da shi ta cikin bakin hannu da gindin riga. Ɓera ya ci rabi, tsufa ya ci sauran. Ba ni da halin sayen sabon ƙyalle. Zan iya farke shi in sa rigar haka, to amma tela ya fito da riga babu shafi? Sai idona ya sauka ƙarƙashin gado.

Hajara ta ce, "Malam, ka dai san in aka naɗe hannun riga shafi ne yake fitowa."

Na ce, "Ni za ki koya wa riga? Ba zan naɗe ba. Hannuwana a ƙasa zan bar su har in sauko."

Ga inda sana'a ta kashe ni. Da na yanka ƙyallen a karkace, ko na datse hoton ta tsakiya, da babu wanda zai gane komai. Amma hannun da Baba Ilu ya horar ba ya yarda ya raba zane biyu. Ina ji ina gani na auna, na daidaita, na zaunar da fuskar Alhajin a tsakiyar shafin hannun dama, na zaunar da wata a na hagu. Har na ja baya na duba na ji daɗin aikina.

Ranar lacca filin kasuwa ya cika ya batse. Mutane sun zo a ƙasa, a keke, a kan jakuna, daga duk ƙauyukan da ke kewaye da mu. An girke akori-kura a tsakiya ta zama dandamali, masu kalangu suna ta aiki, mata daga bayan danga suna rangaɗa guɗa. Samarin Ɗanlami suna can gefe a tsaye cikin rigunansu, sun zo kallo da neman magana. Baba Ilu yana sahun gaba a kan buzunsa. Aka kira ni, na hau motar hannuwana manne da cinya kamar wanda aka ɗaure.

Da farko na kiyaye. Na yi maganar tsadar zare da allura, na yi maganar gero, na ce mai sana'a a ƙasar nan ya zama maraya. Aka tafa. Na ce waɗanda ke Ikko suna cin shinkafa mu muna cin alkawari. Fili ya ɗauka. Mai kalangu ya matso gindin mota ya fara yi mini kirari, ni da ba a taɓa yi wa kirari ba ko ranar aurena. Nan fa wani abu ya hau kaina. Na ji ni ba tela ba ne, wani babban mutum ne da ya daɗe yana jawabi. Kuma kowa ya san abin da manya suke yi in magana ta yi daɗi. Na sa hannu na kwashe hannun rigar dama na watsa a kafaɗa, na kwashe na hagu na watsa, na gyara tsayuwa.

Kalangu ya tsaya. Sai dariya ta taso daga gaba tana tafiya baya. Ni kuwa na ɗauka daɗin maganata ce, don haka na ƙara murya na ce, "Sun kawo mini yadinsu na kore su! Fuskar mutumin nan ko kusa da jikina ba ta isa ta zo ba!"

Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Tela! To wane ne wannan a kafaɗarka?"

Na juya dama, muka haɗa ido da Alhaji mai tabarau. Na juya hagu, ga shi nan ma, da wushiryarsa. Ɗan takararmu da ke zaune a bayana ya miƙo wuya yana duba abokin hamayyarsa a jikina. Samarin Ɗanlami suka ɓarke da ihu suna ɗaga rigunansu suna cewa, "Namu ne! Namu ne!" Na yi ƙoƙarin sauke hannun rigar, lasifika ta suɓuce ta yi wata ƙara, na yunƙura zan diro gindin rigar ya harɗe ni, sai ga ni a ƙasa a gaban masu kalangu. Duk wannan da sauƙi. Da na ɗago, sai na ga Baba Ilu ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya ratsa jama'a ya tafi bai waiwayo ba.

Bencina ya watse. 'Yan jam'iyyarmu suka ɗauke ƙafa, waɗancan kuma suka ce wanda ya zage su a lasifika ba za su ƙara ba shi aiki ba. Aka laƙaba mini Mai Shafi, sunan da har jikokina suka tarar. Baba Ilu zai wuce ta ƙofar shagona ya kau da kai, in gaishe shi ya amsa wa darbejiya. Wannan ya fi komai ci mini rai, na yi kuka a kansa ba sau ɗaya ba. Aka yi zaɓe, ba a jima ba sojoji suka karɓi mulki, jam'iyyun duka biyu suka zama tarihi, amma dattijon nan bai sauko ba.

Sai wata rana da hantsi ina faci na ji sallamarsa. Ya shigo da ƙunshi a hammata ya ce, "Ɗauko mini rigar." Na shiga gida na ɗauko. Ya juya shafin, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya daɗe yana kallon Alhajin.

"Ka daidaita hoton," in ji shi.

"Na daidaita, Baba."

"Hannu biyun duka a tsakiya."

Na sunkuyar da kai.

"Da ka gaya mini babu hatsi a gidanka, ɗan nan, da ni zan kawo maka yadin da hannuna. Ƙaryar ce ta yi mini ciwo." Ya kwance ƙunshinsa, sai ga tsohuwar babbar rigarsa ta zuwa Juma'a. Ya ajiye ta a kan kekena ya ce, "Shafinta ya mutu, a sake mini." Ya sa hannu a aljihu ya ciro wani baƙin ƙyalle ya ɗora a kai. "Amma na zo da nawa."

Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda na koya wa ɗinki: in ka san abin da ke cikin rigarka, ko an roƙe ka kada ka karɓi lasifika. In kuma ka karɓa, to ka roƙi Allah kada a tafa maka.