Ranar da Na Saki Bututun Fanfo a Rijiya

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na hana ƙauye guda shan ruwa, wai da sunan koya musu gyaran fanfo.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, kowane kansila burinsa a ce ya haƙa wa mazaɓarsa rijiyar burtsatse. Haƙawar ana yi, amma da fanfo ya lalace shi ke nan, ya zama turken akuya. Sai aka ce a kafa kwamiti a kowane ƙauye, a koya wa mutanen gari gyara da hannunsu. Ina sabon ma'aikaci a sashen ruwa, aka tura ni bitar sati biyu a Kano. Na dawo Rano da jaka mai tambari, da littafi mai hotuna, da girman kan da ya fi ƙarfin hulata. (Tsakani da Allah, duk bitar nan sau ɗaya na taɓa sifana, shi ma miƙa wa malaminmu na yi.) Amma fa duk wanda bai ce min Injiniya ba, sama-sama nake amsa gaisuwarsa.

Aikina na farko a wani ƙauye ne bayan Fassi. Bazara ce, rijiyoyin gari sun ƙafe, fanfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya ne ke riƙe da kowa. In babu shi, sai ragowar tafkin da shanu ke sha, wanda ya bar wa dattawan garin tabon kurkunu a ƙafa. Na zaɓi 'yan kwamiti shida, duk masu takardar firamare. Mai unguwa ya kawo sunan wani tsoho, Malam Sale mai haƙar rijiya, na ce ai wannan aikin zamani ne. Tsohon ya koma gindin darbejiya ya zauna.

Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne, fanfon nan lafiyarsa ƙalau. Ni ne na ga darasi ba zai yi armashi ba sai an kwance shi. Mata sun jera tuluna da jarkoki, na ce su yi haƙuri da rabin awa kacal.

Muka cire kan fanfon muka fara zaro bututu. Dogon bututu ne da aka harhaɗa gaɓa-gaɓa: a ɗago, a damƙe na ƙasa da matsen ƙarfe, sannan a kwance na sama. Malam Sale ya taso a hankali ya ce min su a sana'arsu ba sa ɗago komai daga rijiya sai sun ɗaura masa igiya ta biyu. Na buɗe littafi na nuna masa hoto.

"Baba, ka ga igiya a nan?"

Ya duba sosai, ya ce bai gani ba, ya koma wurin zamansa.

Muna kan gaɓa ta uku bayani ya yi min daɗi. Ina ta surutu, ina murza sifana, ina satar kallon mai unguwa ko ya burge, ashe ban ƙara ɗaure matsen ba. Gaɓar sama ta rabu, sauran bututun ya sulale ta tsakanin ƙafafuna. Muka ji shi yana dukan bango yana tafiya, can ƙasa ya ce tsundum.

Ni kuwa sai na hau buɗe shafukan littafi, kamar a ciki bututun ya faɗa. (Babu shafin da ya yi maganar wannan, na duba har bangon baya.) Ina ɗago kai na ga wata mata da goyo ta ɗauki tulunta ta nufi hanyar tafki. Na san in jaririn nan ya kamu da gudawa, ni na ba shi.

Malam Sale ne ya tsayar da ita. Ya ce kada wadda ta je tafki kafin la'asar, mai sauran ruwa a randa ta sam wa maƙwabciya. Ya tafi gida ya ɗauko igiya da ƙugiyarsa, irin wadda ake ciro guga in ya faɗa rijiya. Ta yi wa ramin faɗi, sai ya kai wa maƙeri aka ƙera siririya. Ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, ya zura, ya rufe ido. Can sai ya kamo hannuna ya ɗora a kan igiyar.

"Injiniya, kai ma rufe idonka. Ka ji ta yi nauyi? Bakin bututun ne ta taɓa."

Ya ce min Injiniya babu ko ɗigon gatse, abin da ya sa na ji kamar in shige ramin. Haka ya riƙa kiran 'yan kwamitina ɗaya bayan ɗaya yana ɗora musu hannu. Ƙugiya ta kama ta zame ya fi sau goma. Aka yi azahar aka dawo. Daf da la'asar ta kama da kyau, muka taru muka ja, bututu ya leƙo duk taɓo. Na ɗaura masa igiya ba biyu ba, har uku.

Da muka mayar da komai ruwa ya zubo, Malam Sale ya dubi mai unguwa ya ce yau Injiniya darasi biyu ya koyar, kwancewa da cirowa. Aka yi dariya, amma irin wadda ake yi wa ɗan gida. A wurin na sa sunansa a saman takardar kwamiti, shekara da shekaru fanfon nan bai ƙara kwana a lalace ba.

Matar nan mai goyo ita ce ta farko a layi. Ta tari ruwa a moɗa, maimakon ta sha sai ta miƙo min.

"Sha, Malam, tun safe ban ga ka sa komai a baki ba."

Ni da na shanya ta a rana wuni guda. Na karɓa na kafa kai, na daɗe ina sha, don kada ta ga idona ya kawo ruwa.

Yanzu ni ke koyar da masu koyarwa. Kafin in buɗe littafi a kowane gari, sai na tambaya wa ke taɓa ruwansu tun kafin a haife ni. Kuma abin da na tarar yana aiki, wallahi ba na kwance shi, da baki nake bayaninsa.