Rasuwar Hajiya Hamira a Saman Soro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Alhaji Mahmudu mai gurasa na unguwar Bab Makka a Jidda nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar uwar tsamin ƙullun gidanmu, wadda aka fi sani da Hajiya Hamira. Ta rasu cikin watan Zulƙida na bana, 1380, tana da shekara arba'in da ɗaya. A hannuna ta rasu. Gara ku ji daga bakina.

Asalin abin ciniki ne tsakanina da uwargidana Rahamatu. Ta daɗe tana son ziyarar Madina, marigayiya ba ta barinta ta kwana a waje. Ni kuma jiragen ruwa sun fara sauke alhazai, ina so in sauke baƙi a ɗakin baya mai sanyi, inda randuna suke, inda marigayiya take kwana. Na ce wa Rahamatu, "Hajiya, ba ni ɗakin kwana goma, mu rufe tanderu, ki tafi Madina. Ni zan ciyar da ita." Ta ce, "Alhaji, kai da ba ka san inda ludayi yake ba?" Na ce mutumin da ya shekara talatin yana ciniki da 'yan Hadramaut bai faɗi ba, ƙullu ne zai gagare shi? Ta dube ni ta daɗe, ta ce halas, wato an gama ciniki.

An haifi marigayiya a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, a hannun surukata Inna Bashira, Allah ya jiƙanta. Ta ƙetare teku daga Sawakin cikin tukunyar ƙasa naɗe da zane, Inna tana rage ruwan shanta tana ba ta. Shi ya sa muke kiranta Hajiya. Ba ta taɓa neman komai ba sai tafi ɗaya na garin alkama da moɗa ɗaya ta ruwa, safe da yamma, da jiƙaƙƙen tsumma a bakin tukunya. A ɗebi rabinta a kwaɓa, a mayar mata da gari, kafin azahar ta cika fal. Maganarta duka ba ta wuce "ɓul, ɓul" ba. Da wannan "ɓul" ɗin muka aurar da 'ya'ya huɗu.

Rashin lafiyar ya fara ranar da na ɗauke ta na kai saman soro don in shimfiɗa wa baƙi tabarma. Na ce ai can akwai iska. Kwana na farko na ba ta garinta da ruwanta. Na biyu ina bakin teku ina tarbar alhazai. Na uku ban san inda hankalina ya tafi ba. Sai a na biyar wari ya biyo matakala ya tuna mini. Na tarar ranar Jidda ta busar da tsumman kamar fata, baƙin ruwa ya kwanta a sama, fumfuna ta rufe ta. Na zuba sukari, na zuba nono, na yi mata fifita. Ba "ɓul".

A nan dabarata ta ƙarasa ta. Na kwashe gawar a kwano na ɓoye, na kankare tukunyar tas da sabulu, na sayo yistin gwangwani na kwaɓa a ciki. Da Rahamatu ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta ɗaga tsumman ta sansana. Ta ce, "Alhaji, wace ce wannan baƙuwar?" Daga baya ta gaya mini da na bar busasshen ɓawon da ke jikin tukunyar, da ta tashe ta cikin kwana uku. Da hannuna na kankare shi, har ina yabon kaina da tsabta.

Marigayiya ta bar Rahamatu, wadda tun ranar take ajiye mini abinci ba ta duban fuskata. Ta kuma bar 'ya ɗaya da ban san da ita ba sai jiya. Ashe shekara tara da suka wuce Rahamatu ta ba Mastura, matar Abdulgaffar mai tanderun da ke fuskantar namu, cokali ɗaya a ɓoye. Abdulgaffar ɗin da ya roƙe ni sau uku na rantse a gaban kasuwa ba zai ɗanɗana ba. Shekara tara ina gaya wa mutane gurasarsa ɗanɗanon takalmi gare ta, ashe jininmu nake zagi.

Za a binne ta gobe bayan la'asar a gindin bishiyar bayan gida. Liman ya ce kada a neme shi. Daga nan zan ɗauki tukunyar da kaina in tsallaka titin Bab Makka zuwa tanderun Abdulgaffar in roƙi cokali ɗaya. Ya yarda, da sharaɗin in ci gurasarsa guda a tsaye, in faɗa da ƙarfi cewa ta yi daɗi. Mai son kallo ya zo da wuri.

A cinikin nan Rahamatu ta ga Madina, alhazai sun kwana cikin sanyi, Abdulgaffar ya ci riba bai sa ko cokali ba tukuna. Wanda ya faɗi mutum ɗaya ne, shi ne kuma ya kawo cinikin.