Jinyar Babban Yatsan Makau

Yau da hantsi na faɗo daga kan kabu-kabu a tsakiyar Bukkuyum, ni da buhun taki, kuma buhun ne a sama. Ɗan kabu-kabun ya kauce wa ƙaramin rami ne ya faɗa babba. Mutane suka taru suna yi mini sannu, wani mai faci da ya san ni ya leƙo ya ce, "Malam Magaji, yaushe kah hwara noma?" Na kakkaɓe rigata na ce masa ya je ya tambayi na'ura.

Gaskiyar magana, ba ni da ko kunya ɗaya ta gona. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da alli a makarantar firamare har na yi ritaya. Duk abin da na taɓa shukawa zogale biyu ne a bayan ɗaki, ɗayan ma akuya ta gama da shi. Amma yau ga kati a aljihuna da hotona a jiki, an rubuta baro-baro cewa ni manomi ne na gaskiya. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Farkon daminar nan, an yi shuka ke nan, manyanmu, Allah ya ƙara musu sanyin kwandishan, suka zo mana da wani shiri mai suna Taki A Tafin Hannunka. Motoci goma sha ɗaya na ƙirga, a garin da muke kwana biyu a layin gidan mai kafin a ɗiga mana lita. Mai Girma Garkuwan Manoman Kan Kujera ya hau mumbari ya ce daga yau an daina kwashe takin talaka a kai wa 'yan kasuwa, domin an kawo na'ura, ita kuwa na'ura ba ta da ƙane, ba ta da suruki. Manomi zai ɗora babban yatsansa, ta gane shi, ya ɗauki buhunsa. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi. Aka yanke ƙyalle a kan wani ɗan akwati da bai fi sabulun wanki girma ba, aka ci kaji, motoci suka juya.

Maƙwabcina Makau ya fi kowa tafi a ranar. Katanga ɗaya ta raba mu, shekara ashirin ina jin tarinsa na asuba in zai fita gona. Babbar gonarsa tana can nesa da gari, kuma kun san dalilin da ya sa ba a zuwa can yanzu, ba sai na faɗa ba. Saura 'yar ƙaramar da ke bayan gari, ita kuma ta gaji. Da can Fulani kan sauka a cikinta da kaka, shanu su ci kara su bar taki, yanzu ba mai sauka. 'Ya'yansa biyu sun bi ramukan zinari wajen Anka, sai dai gaisuwa ta waya. Geron 'yar gonar nan shi ne tuwon gidan Makau daga kaka zuwa kaka, shi da matarsa Rabi da jikoki uku. In babu taki, ba zai kai su ko bazara ba.

Ranar rajista na raka shi, don kawai in ga abin mamaki. Muka tarar da layi har bakin titi, ba ya motsi, wai babu sabis. Ma'aikacin da ke kula da na'urar, wani kamilin mutum mai suna Isma'ila, yana zaune ya duƙufa a kan wayarsa yana ta goga yatsa. Na matsa na leƙa. Wallahi noma yake yi. Wani wasa ne na waya, ga gona kore shar, ka taɓa nan masara ta fito, ka taɓa can ta nuna, ka goga yatsa a girbe.

Na ce, "Malam Isma'ila, ashe kai ma manomi ne."

Ya yi dariya ya ce, "Daga safe zuwa yanzu girbina uku, Malam."

Makau ya leƙo ta kafaɗata ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ita wagga gona, haki ba ya hita cikinta?"

Isma'ila ya ce ai babu ciyawa a wannan wasan, sai dai in ka kai mataki na ashirin.

Bayan azahar sabis ya ga dama ya dawo. Makau ya yi bisimilla, ya goge babban yatsansa a riga, ya ɗora. Na'ura ta yi ƙara ta kawo ja. Ya sake, ja. Aka gwada na hagu, aka bi sauran takwas ɗaya bayan ɗaya, har aka sa shi ya hura wa yatsan iska, aka sa shi ya goga a goshi. Isma'ila ya juyo mana da fuskar kwamfutar ya nuna mana hoton. Sumul kamar bayan ƙwarya.

Ya ce, "Baba, yatsunka ba su da zane. Duk ya goge."

Makau ya ce, "Ƙotar hauya ta tac cinye shi, ɗana. Shekara arba'in da biyar muna tare."

Isma'ila ya fara shakkar ko na'urar ce ta lalace, don mutum na bakwai ke nan a jere da ta ƙi. Ya ce, "Malam, zo mu gwada da naka." Ban gama ɗorawa ba ta kawo kore, har da wani ɗan kiɗa mai daɗi. Kafin in buɗe baki ya ɗauke ni hoto, ya ce ai tunda ta karɓa ba a iya gogewa. Ni ɗan rakiya na dawo gida manomi, Makau ya dawo ba kowa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi Isma'ila ba mugu ba ne, har bakin ƙofa ya biyo mu da shawara. Ya ce zanen yana dawowa in an huta. Makau ya ajiye hauya mako biyu ko uku, ya riƙa shafa man kaɗe safe da yamma, ya dawo kafin ƙarshen wata, don ranar za a rufe rajista. Mako uku, jama'a, a lokacin noman farko, lokacin da ciyawa ke tsere da gero.

Na ce ba za ta saɓu ba. A jikin allon tallar shirin akwai lambar kai kuka, na kira. Wata murya mai zaƙi ta ce kirana yana da muhimmanci ƙwarai a wurinsu. In na'ura ta ƙi yatsana in danna ɗaya. Na danna. Aka sa mini kiɗa har katin wayata ya kusa ƙarewa, sannan muryar ta dawo ta ce domin a saurari kukana, in je cibiya mafi kusa in tabbatar da ni ne ta hanyar ɗora babban yatsa. Na gode mata da kyau, don ba a yi wa na'ura rashin kunya.

Ina son wata rana in ga wanda ya rubuta wannan manhaja, in yi masa jinjina. Na tabbata yaro ne mai ƙwaƙwalwa, ya yi karatu mai zurfi, ya gwada abinsa a kan yatsansa da na abokan ofishinsa, duk ta kawo kore, aka buga masa tafi. Ba laifinsa ba ne da bai taɓa gaisawa da manomi hannu da hannu ba. Da ya taɓa, da ya ji abin da ya kama. Su kuma manyan da suka sayo ta, ai ba za a ce su ma su san hannun manomi ba, aiki ya yi musu yawa. An ce a kawo abin da zai raba manomin gaskiya da na bogi, kuma tsakani da Allah ta raba. Ba ta taɓa kuskure ko sau ɗaya ba, sai dai a juye take rabawa.

Makau ya fara da dabara. Ya naɗe babban yatsan da tsumma ya tafi gona, ya gano hauya ba ta riƙuwa da yatsu huɗu. Ya ce to zai kira gayya, kamar yadda aka saba in aiki ya fi ƙarfin mutum: a dama fura, maƙwabta su zo su taya shi yini guda. Ya zaga unguwa gida gida. Duk wanda ya iya riƙe hauya a unguwarmu na'ura ta ƙi shi, kowa yana jinyar nasa yatsan. Ku zo majalisarmu ta gindin darbejiya a makon nan ku ga ikon Allah: dattawa tara a kan tabarma, kowa ya ɗaga babban yatsa sama yana ƙyalli, ana hirar wa zanensa ya fara fitowa. Wani baƙo daga Gummi ya ce su ma can haka ake. Mutum ɗaya na san shirin nan ya yi wa rana, ita ce Iya mai man kaɗe.

Rabi kuwa ta katanga nake jiyo ta. "Malam, hatsi na can haki na cinye shi, kai kana nan kana shahwa mai kamar amarya! Takin da ba mu gani ba za mu ci?"

Shi kuma ya ce, "Rabi, in na yi noma babu taki, wahalar banza ta. In na samu taki, ko rabi munka tsira da shi ya hi. Saura kwana nawa?"

Ta ɗauki hauyar da kanta ta yi kwana biyu, bayanta ya riƙe, sai da aka kira mai tausa. Abin ya dame ni ƙwarai, na ji kunyar katin da ke aljihuna. Na ce bari manomin gaskiya ya je ya nuna abin da ya iya. Rabin kunya ɗaya na nome, numfashina ya ɗauke, tafin hannuna ya yi bororo. Makau da ke tsaye a kaina ya tuna Isma'ila ya ce ranar karɓar buhu ma sai an sake ɗora yatsa. Ya fizge hauyar ya ce, "Aje, Malam! Kak ka ɓata muna yatsa guda da muka da shi."

Ranar kwana na goma sha takwas muka koma. Makau ya ɗora yatsan nan da ya yi laushi kamar na jariri. Kore, har da kiɗa. Na ga dattijo yana dariya da hawaye a ido, yana cewa, "Ta gane ni, Malam, ta gane ni!" Isma'ila ya buga masa kati ya miƙa masa hannu bibbiyu, sannan ya sunkuyar da kai ya ce akwai 'yar magana. Waɗanda na'ura ta karɓa a makon farko su ne rukuni na ɗaya, su za a ba taki yanzu. Makau yana rukuni na biyu.

"To na biyun yaushe na?"

"Sai an buɗe shafinsu daga can sama, Baba. Wataƙila bayan damina. Ba ni na rubuta manhajar ba."

An liƙa sunayen rukuni na ɗaya a bango, na karanta. Ga ni, ga mai kemis, ga teloli biyu, ga masu cajin waya, ga ma'aikata birjik. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Jiya saƙo ya shigo wayata, yau na je na ɗora yatsa na karɓi buhu, shi ne wanda ya danne ni a tsakiyar gari. Da aka ɗaga ni ban nufi gida ba, na ce wa ɗan kabu-kabun mu wuce bayan gari. Na san can zan sami Makau.

Yana tsaye a bakin gonar. Ni da ban san noma ba sai da na yi salati. Ciyawa ta kai gwiwa, kore shar kamar gonar wayar Isma'ila. Sai ka buɗa ta da hannu sannan ka ga geron a ƙasa, siriri, ya yi rawaya, wani ma ya kwanta. Na sauke buhun a gabansa na ce, "Ga takinka, Makau. Dama naka ne."

Ya dafa buhun. Sannan ya ce, "Allah shi saka, Malam. Amma taki bai san hatsi ba, bai san haki ba. Wanda yah hi ƙarhi shi ka ci. In na zuba shi yanzu, haki niy yi ma hidima." Ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce in Allah ya taimaka zai tsira da kashi ɗaya cikin uku. Ban tambaye shi abin da za su ci daga tsakiyar rani ba, shi ma bai faɗa ba.

Ya ciro katin daga aljihu ya miƙo mini. "Riƙa man wanga, kar zuhwa ta ɓata shi." Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama ƙota, ya duƙa.

Na zauna a kan buhun ina gadin katunan manoma biyu har la'asar. Da ya ɗago shan ruwa na kama hannunsa na duba babban yatsan. Man Iya ya tafi, zanen ya fara dushewa. In ya ci gaba da wannan ganganci na noma, ina jin kafin Juma'a ya tashi daga manomi.