Makullin Motar Inuwa

"Lafiya lau. Ya kwanan ƙafar taki?" in ji Ikrima.

"Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Kai ne dai ciwon da ya ƙi warkewa."

Ikrima na durƙushe a bakin tabarmar kakarsa Kulu, a zauren gidanta da ke Ikara. Tana yanka tumatir a faranti za ta yi kauɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Safiyar Litinin ce ta ƙarshen bazara, zafi tun da wuri, hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa.

Daga inda yake yana hango motar. Shekara shida ke nan tana ƙofar gidan, ta cinye rabin layi. Tayoyinta sun sace sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, Kulu kuma na shanya kauɗa a kan bonet. Jiya masu aikin kwata suka zo awo, suka ɗauka ba ta da mai ita, suka dangwara mata ƙatuwar alama da jan fenti har kan gilashi. Mai unguwa ya ce zuwa Laraba, ko a matsar da ita, ko a kawo mota mai ƙugiya ta ja ta, ta ƙare a hannun 'yan gwangwan.

Motar kuwa da mai ita. Ta mahaifin Ikrima ce, Inuwa, wanda ya bi motar tumatir zuwa Kudu bai dawo ba. Waya a kashe, ba gawa, ba labari. Shi ne ɗan farin Kulu, don haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ko kuka ba ta yi masa a gaban mutane ba. Ranar da zai tafi ma a bakin tabarma ya ajiye mata makulli, ya ce a bar motar nan sai ya dawo. Kawunnan Ikrima sun yi lallashi a kan a matsar da ita, ta yi musu kunnen uwar shegu. Shi ya sa aka turo jika, don shi kaɗai ke iya gaya mata duk abin da ya zo bakinsa.

"Zuwa na yi in ga ko an dace," in ji shi. "Tun bara na sayi sukarin gumbar mutuwarki, har tururuwa ta cinye."

"Ka ƙaro wani. Ni zan sha taka. Dubi wuya kamar na zakaran da ya kwana a ruwa. Wai wannan ne mijina."

"Mijin da 'yan matan Paki ke layi a kansa."

"Layin karɓar wayoyinsu a shagon cajinka dai."

"Ni kuma me na samu? Amarya mai haƙori uku, biyu na girgiɗi."

"Da ukun nan na cinye kakanka da gonarsa. Kai ɗaya ma ya ishe ka."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ɗauki tumatir guda yana juyawa a hannu, yana neman ta inda zai ɓullo.

"Na ga an yi wa akwalarki lalle," ya ce. "Jan lalle har goshi. An ce Laraba ne ɗaurin aurenta da 'yan gwangwan."

"Na gani. Wanda ya shafa, Allah ya haɗa shi da mai shafa masa a gemu." Wuƙar ba ta tsaya ba. "Kuma ba akwala ba ce. Motar nan sawu uku take yi Zariya a rana, lokacin kana yawo da majina ba wando."

"Yanzu ko kazarki mai ɗingishi ta fi ta sauri."

"Ta fi ka amfani. Ita tana busar mini da kauɗa. Kai me ka taɓa busarwa ban da tukunyata?"

"Kaka, bara ruwa ya ci katangar maƙwabcinki Malam Salman, saura ƙiris ta danne masa yara. Ta nan kwatar za ta bi."

"Su kewaye."

"Ruwan ma ki ce masa ya kewaye, tunda tsoronki yake ji."

"An ce a bar ta nan."

"Wa ya ce?"

Tun kafin ya rufe baki ya san ya yi mugunta, don ya san ba za ta iya faɗin sunan ba. Wuƙar ta tsaya. Kulu ta goge hannu a zane a hankali, ta dubi hanya.

"Mai ita," ta ce.

Wata kaza ta yi kuka a ƙarƙashin motar.

"Kana ta jiran gumbata," ta ci gaba, muryarta a ƙasa. "Ni ai da gata. Za a wanke ni, a daka mini gero, a san ranar uku, a san ta bakwai. Akwai wanda ko wannan bai samu ba. Ƙarfen nan da kake gani, shi kaɗai ne nasa da nake iya kallo ido da ido ban ji kunya ba."

Tausayinta ya kama Ikrima, da kunyar kansa. Shi ma ai ba jarumi ba ne. Shekara shida ta lungun baya yake zagayowa gidan nan don kada ya wuce ta gefen ƙofar direba, yana cewa hanyar ta fi kusa, alhali ta fi nisa. Ya san idan ya bari wasan ya mutu, maganar ma ta mutu, Laraba kuma ba za ta jira kowa ba.

"To ji nan, tsohuwa mai ran ƙarfe. Zan fasa katangar wajen awaki, mu turo ta cikin gida, ƙarƙashin dalbejiya. Ba mai ƙugiya, ba ɗan gwangwan. Ki yi ta kallonta har ki gaji. Amma sitiyari a kulle yake, ba za ta juyu ba sai da makulli."

"Makulli ya ɓata."

"Tsohuwa da ƙarya. Yana haɓar zanenki. Ko sallah kike ina ganin ƙullin yana lilo."

"Mijin da ke leƙen haɓar zanen matarsa ɓarawo ne." Sannan ta ce, "In mai ita ya shigo layin bai gan ta ba fa, da me za a gane gidan? Zauren nan ba shi aka bari ba. Na ƙasa aka sani, wannan na bulo ne."

"Za a jiyo muryarki tun daga tasha. Duk Ikara wa ya kai ki masifa? Har mutanen Saulawa sun san lokacin da kike faɗa da awaki."

Dariya ta kuɓuce mata ba ta shirya ba, har haƙoran uku suka bayyana. Ta kai masa duka da bayan wuƙa, ya goce. Sai ta jawo haɓar zanen. Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori.

"Ungo. Je ka gaya wa 'yan matan Paki matarka ta ba ka mota, kai da ko silifa ba ka taɓa saya mata ba. Amma kada ka matsar da kujera. Yadda aka bar ta haka za ta zauna."

Makullin da ɗumi. Ya sha shafa har rubutun jikinsa ya goge, ya yi sumul kamar tsohon kwabo.

Ya fita, ya sauke buhun kauɗar daga bonet. Ƙofar ta yi gardama kafin ta buɗe. Zafi da warin tsohon soso suka buge shi, ga carbi rataye a madubi inda aka bar shi. Ya zauna a hankali. Ƙafarsa ta sauka daidai kan birki, bayansa ya shige lotsawar kujerar, babu abin da ke neman gyara. Ya murɗa makulli, sitiyarin ya saki.

Da ya ɗago sai ya ga Kulu a bakin zaure, farantin a hannunta, tana kallonsa ta cikin gilashin da ya sha ƙura da jan fenti. Ta daɗe a haka. Sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta kawar da fuska gefe. Tun yana yaro mutum ɗaya ya san tana yi wa haka.

"Amarya," ya ce, "shigo in kai ki Makarfi ki sha rake da haƙoran nan uku."

Ta yi dariya, dariyar na rawa, ba ta juyo ba.

"Fito daga nan, mummuna," ta ce. "Ba ka yi kama da kowa ba."