Malam, Yaushe Za Ku Tafi Yajin Aiki?

Jama'a, jiya na yi asarar layi. Tun hantsi nake tura babur ɗina a layin mai, har na kai inda nake jin ƙanshin fetur, sai waya ta yi ƙara. Mahaifiyata ce, Dada. Ko sallama babu: "Yuguda, duk abin da kake yi ka ajiye ka zo." Wanda ya san Dada ya san ba a ce mata ana layi. Na juya kan babur, na bayana ya matso yana yi mini fatan Allah ya sa lafiya, bakinsa har kunne.

Ga tushen maganar. Ɗana Mu'azzam ya sami gurbin karatu a Malesiya, wannan ne makonsa na farko a aji. Kafin ya tafi sai da aka kai ruwa rana da Dada, don ita ta raine shi, "mai gidana" take ce masa, kuma ta ce ba ta ga abin da zai sa miji ya tsallake teku ya bar tsohuwar matarsa ba. Ni na lallashe ta. Na ce, "Dada, jami'a ce fa, ke ma kin san halinta. Kafin ki ankara an tafi yajin aiki, ya dawo ya zauna miki har ki gaji da ganinsa." Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Ta tuna yadda yayyensa suka riƙa cin tuwonta damina da rani da sunan ɗalibai, ta ce to, in haka ne ya je. Har ta ware masa gefe a gonarta ta Kwadon, wai idan an fara yajin ya zo ya noma mata wake.

Na isa unguwarmu Bagadaza na tarar da ita a tsakar gida, waya a hannu, fuskar Mu'azzam cike da gilashin. Ta miƙo mini. "Ji abin da ɗanka ke faɗa."

Yaron nan ya sha wuya, jama'a, don tarbiyyar da muka ba shi ba ta yi masa rana ba. An ce lacca ƙarfe takwas, ya bari sai da rana ta ɗaga kamar kowane ɗan mutunci, ya tarar ana fitowa. Ya sayi bokitai ya cika su da ruwa ya jera a banɗaki, abokin ɗakinsa ya tambaye shi ko gobara ake jira. Duk inda ya ga soket sai ya cusa caja, har wani ya ce masa wutar ba guduwa za ta yi ba.

Babbar ita ce ta ranar Alhamis. Bayan an tashi aji ya bi malamin cikin ladabi, ya ce, "Malam, don Allah yaushe za ku tafi yajin aiki? Ina so in sayi tikiti da wuri, kakata tana jira."

"Baba, kallona ya yi ta yi," in ji Mu'azzam. "Ya ce ko wani ya ɓata mini rai ne? Da na yi masa bayani, sai ya faɗa mini ranar da za mu gama karatun gaba ɗaya. Da ranar, da watan, da shekarar!"

Na ce subhanallahi, wannan ai shiga hurumin Allah ne.

Dada ta karɓe wayar. "An yaudare ni. Yuguda, ka dawo mini da mai gidana. Ni da ƙafata ɗaya ke cikin kabari, wa ya ce zan kai ranar?"

Dada ba ta magana biyu, kuma na san yaron nan: in ta ce ya dawo, gobe zai fara haɗa jaka, gurbin da ya sha wahala a kai ya bi ruwa.

A nan dole in jinjina wa manyanmu, Allah ya ƙara musu kumatu. Mutanen can ba su san zumunci ba. Namu kuwa, irin su Mai Girma Sarkin Kafa Kwamiti da ƙaninsa Garkuwan Alkawari, ba sa yarda ɗan talaka ya manta hanyar gidansu. Za su sa hannu a yarjejeniya, a yi tafi, a ci kaji, su jefa ta ƙarƙashin kujera, malamai su rufe aji, kowane yaro ya koma ya gaida kakarsa. Nasu 'ya'yan ne kawai suke haƙura su tura inda ba a samun wannan gata. Sadaukarwa ke nan.

Ana cikin haka maƙwabcinmu Ezenwa, mai sayar da kayan babur, ya leƙo gaida Dada. Ya ji zancen ya tuntsire da dariya. "Mama, ki kwantar da hankalinki. 'Yata Ugochi ta tafi karatun lauya, yanzu ta iya ɗinki, ta iya kek, ta iya gyaran kabureta, lauyan ne kawai saura. Ni shawarata, a ɗauki ɗaya daga cikin manyan nan namu a ba mutanen can aro. Wata guda ya isa, Mu'azzam zai dawo da ƙafarsa."

Dada ba ta yi dariya ba. Ta kusanto da wayar har hancinta ya cika gilashin. "Mai gida, ranar nan da suka faɗa, cikawa suke yi?"

"Waɗanda ke gabanmu sun ce ba ta taɓa tashi ba, Dada."

Ta kalli waje ta ƙofar zaure. A bakin layinmu akwai wani allo da aka kafa ranar da aka aza harsashin famfon unguwa, da kiɗa da jawabi, a makon da aka raɗa wa Mu'azzam suna. Allon na nan, ana ɗaure awaki a jikinsa. Ruwa kuwa har yau sai na 'yan garuwa.

"Kai da famfon can sa'anni ne," ta ce. "Zauna abinka. Ko da daga kan gado ne, ina so in ga abu guda da aka fara aka gama kafin in mutu."

Mu'azzam ya sunkuyar da kai yana share ido. Ni ma, ban ɓoye muku ba, sai da na kalli sama kamar mai duban hadari.

Dada ta juyo kaina. "Waken kuma, tunda kai ka yi alkawarin yajin, kai za ka noma."

Na tura babur na koma gidan mai, na tarar an ja ƙofa. Yaron da ke zuba mai ya ce an ce gobe. Na tambaye shi wace goben, da watan da shekarar, ya dube ni kamar wanda ya dawo daga Malesiya.